Aron Gwiwar Kaka

Saura mako shida mu shiga jarrabawar ƙarshe, wadda in ka haye ta za a rantsar da kai a matsayin likitan gashin ƙashi, malamarmu ta shirya mana ta gwaji a asibitin da muke koyon aiki. Ni a takarda ba ni da matsala. Sunayen tsoka da jijiya da ƙashi na haddace su kamar karatun allo, daga wuya har ƙaramin yatsan ƙafa. Amma jarrabawar kashi uku ce. Akwai ta rubutu, akwai ta baki, sannan akwai ta aiki, inda za a kawo maka majinyaci na gaske, baƙon malami daga wata jami'a ya zauna a gefe da biro yana kallon abin da za ka yi da shi.

A gwajin nan wani dattijo mai ciwon ƙafa aka ba ni. Ina shiga na durƙusa na kama ƙafar, na lanƙwasa, na miƙe ta, na auna, na rubuta, na juyo ina jiran yabo. Malamar ta cire tabarau ta goge shi da gefen mayafi.

Ta ce, "Mece ce sana'arsa?"

Na duba takardata.

"Da wane yare yake magana?"

Na juya bayan takardar.

"To ita ƙafar, ita kaɗai ta hau keke napep ta zo asibiti?"

'Yan ajinmu suka fashe da dariya, har shi dattijon, wanda sai a lokacin na lura yana da fuska. Malamar ta ce kaina cike yake, amma hannuna da bakina ba su je makaranta ba. Ta ce in je in nemi mutum mai rai in yi ta gwadawa a kansa kafin ranar.

Da muka fito, abokiyar karatuna ta biyo ni tana ƙunshe dariya. 'Yar Biu ce, tana zaune a unguwar Mairi, nan Maiduguri, wajen yayarta, kuma tun shekarar farko muke karatu tare. Ni nake taimaka mata da hadda, ita kuwa a gaban majinyaci babu kamarta a ajinmu. Na ce mata ai muna gwadawa a kan junanmu kullum. Ta ce wannan wasan yara ne, don dukkanmu lafiyarmu ƙalau, kuma kowa ya san amsar da ake so ya bayar tun kafin a tambaye shi.

Ta ce, "Ba kana da kaka a gida ba? Wadda kake cewa gwiwa ta dame ta?"

Na ce, "Ke ba ki san Kaka ba ne."

Kakata ce ta wajen uba. Ɗakinta ne na farko in ka shigo gidanmu a Bolori, kuma hancinka ne zai fara gaya maka, don sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Amaren unguwarmu da yawa da ƙamshin hannunta suka tare. Hausarta irin ta tsofaffin Kanuri ce, ba ruwanta da raba mace da namiji, sai ta ce da mahaifina "ke zo nan", ta ce da mahaifiyata "ka dafa shayi". A nan zan miƙe mata maganar, don kada mai karatu ya rasa da wa take. Maigida take kirana, kamar yadda kakanni suke yi wa jikokinsu maza, ni kuma in ina neman tsokana in ce mata amarya.

Tun ranar da ta ji sunan abin da nake karanta ta samu abin yi. Duk baƙuwar da ta zo sayen turare sai ta nuna ni ta ce, "Kin ga maigidana? Shekara biyar yake jami'a yana koyon gashi. Mai tsiren bakin titi wata uku ya yi ya ƙware, kuma shi nasa gashin ana ci." A wurinta likitan da ba ya allura ɗan rakiya ne. Gwiwoyinta kuwa sun yi shekaru suna ciwo, shekara biyu ke nan a kan kujerar roba take sallah, amma ba ta taɓa barina na taɓa su ba. Man zafi take shafawa ta ɗaure da tsohon ɗankwali.

Da yammacin ranar na same ta tana tankaɗe garin icen sandal na haɗa turare a tsakar gida. Na zauna a bakin tabarma na gaishe ta da ladabin da ya wuce na kullum. Ta dube ni ta gefen ido.

"Me ka fasa?"

"Ban fasa komai ba, Kaka. Aro na zo nema."

"Turare ba a aronsa."

"Gwiwarki nake so ki ara mini. Ba magani zan yi miki ba. Jarrabawa ce ta matso, an ce in samu wanda zan gwada a kansa."

Ta ajiye rariya. "Aro? In ka ɓata ta fa?"

Na ce, "Ai a ɓace take."

Mafici ta jefo mini, na kauce. Sai na gaya mata gaskiyar abin da ya faru a asibiti, har da maganar keke napep. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan malama 'yar albarka ce, a gaishe ta. Da ta gama ta goge ido ta ce ta yarda, amma ba don tana da wani ciwo ba. Don kada in faɗi ne a ce mijinta ya kasa gashi. Sharaɗinta biyu: bayan la'asar kawai, kuma kada masu sayen turare su ji.

Lokacin zafi ne, irin zafin Maiduguri da ko ƙadangare yake neman inuwa. Muka mai da gindin darbejiyar tsakar gida asibiti. Na sa mata kujera, na ɗauko takarda da biro, na fara da abin da ake fara yi wa kowane majinyaci, wato tarihin ciwo. A jarrabawa minti goma ake ba ka don wannan.

Na ce, "Kaka, yaushe ciwon ya fara?"

Ta gyara zama. "Ka san shekarar da ubanka ya sayi babur?"

Ban sani ba, ba a haife ni ba. Ta ba ni labarin babur ɗin, da mutumin da ya sayar da shi, da matar mutumin wadda ba ta iya miyar kuka ba, da bikin ƙanwar matar, da lafayar da ita Kaka ta ɗaura a bikin, wadda har yau ba a sake kawo irinta kasuwa ba. Bayan kusan rabin awa na gane ciwon bai fara a shekarar babur ba. Ita dai daga nan take jin daɗin fara labari.

Na tsallaka zuwa tambaya ta gaba. "In babu ciwo ko kaɗan sifili ne, in ciwon da ya fi kowane ciwo goma ne, naki nawa ne?"

"Ciwon ma lamba gare shi? Takalmi ne?"

"Haka ake tambaya, Kaka."

"To ashirin."

"Ba ya wuce goma."

"Wa ya faɗa? Wanda ya ce haka bai haihu ba."

Muka yi ta ciniki kamar a kasuwar Gamboru. Daga ƙarshe ta ce, "Bakwai. Ba ragi."

Akwai wata 'yar guduma mai kan roba da muke ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwa da ita, ƙafa ta harba da kanta, mu gane jijiya tana aiki. Na yi mata bayani, na ƙwanƙwasa. Ƙafar ko motsi. Na sake, shiru. Na shiga lissafin cututtukan da suke kawo haka. Da na ɗaga kai sai na ga ta cije leɓe, ta riƙe kujera da hannu biyu, ta ƙame ƙafar da duk ƙarfinta.

"Kaka, ki sake ta mana."

Ta ce, "Ƙafata ba ta harbi sai da izinina. Ni ba jaka ba ce."

Haka makon farko ya tafi. Abu ɗaya dai na samu, shi ne ba ta ɓoye mini ra'ayinta a kan hannuna. In na kama gwiwar sai ta ce ina latsa ta kamar mai taya rago a kasuwa. In na ɗaga ƙafar ba sanarwa sai ta buge mini hannu ta ce, "Ka faɗa kafin ka taɓa. Ko ƙofa ana sallama."

Ranar Asabar abokiyar karatuna ta zo daga Mairi, don Lahadi tana coci. Shirinmu shi ne ta zama baƙon malami, ta riƙe waya tana duba minti. Ta shigo ta durƙusa ta ce, "Wushe, Kaka," da 'yar Kanurin da ta tsinta a gari. Nan take Kaka ta sa aka kawo mata ruwan sanyi da dabino, abin da ni ban taɓa gani ba a mako guda na aikin gwiwa.

Na yi nawa, na cinye minti ashirin da biyar ban fita daga shekarar babur ba. Sai ta ce bari ta nuna mini. Ba ta ɗauki takarda ba. Ta jawo 'yar kujerar tsuguno ta zauna ƙasa da Kaka, ta murza tafin hannunta biyu, ta nemi izini, ta ɗora su a kan gwiwar ta bar su nan ba ta latsa ba.

Ta ce, "Kaka, me ciwon nan ya hana ki yi, wanda da kike yi?"

Na jira babur. Bai zo ba. Kaka ta dubi hannun yarinyar a kan gwiwarta.

Ta ce, "Goshina ya yi shekara biyu bai taɓa ƙasa ba. Malamai sun ce sallah a kujera ta yi, na sani. Amma kujera ba ƙasa ba ce."

Ni kullum ina wucewa ta ƙofar ɗakinta ina ganinta a kan kujerar nan, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba. A kaina tsufa ne, kuma an samu mafita. Na ji kunya irin wadda ban ji ba a gaban malamarmu.

Kaka ta juyo gare ni ta ce, "Ka gani? Yarinya ta tambaya a minti biyu. Kai shekara ashirin da huɗu kana cin burabuskona." Ta kama hannun abokiyar tawa ta ce, "'Yata, in kin gama ki buɗe asibitinki, shi ya riƙa share miki."

Ranar Litinin na je na gaya wa malamarmu abin da na gani a gwiwar, na ce ina so in fara mata motsa jiki. Ta ce in kawo ta asibiti. Na ce sai dai in ɗauko asibitin in kai mata. Ta duba abin da na rubuta, ta soke biyu, ta bar mini uku masu sauƙi, ta ce in akwai kumburi ko zafi ya ƙaru in tsaya in zo in faɗa mata.

A wurin Kaka ban kira shi magani ba. Na ce wani ɓangare ne na jarrabawa, dole in iya koya wa mutum motsa jiki. Muna farawa da tawul mai ɗumi a kan gwiwa. Sai ta miƙe ƙafa tana zaune, ta riƙe, ta sauke, sau goma kowace ƙafa. Sai tashi daga kujera da komawa ba tare da dafa bango ba. Daga baya na cika tsohuwar safa da yashi na ɗaura mata a idon sawu. Ta ce ita za ta riƙa ƙirgawa, kuma da Kanuri, don lambar Hausa nauyi take mata. Kwana uku ina mamakin yadda take gamawa da wuri, sai na kasa kunne. Tana kaiwa uwu, wato biyar, sai ta yi tsalle ta dira a mewu, goma.

Na ce, "Amarya, ina sauran huɗun?"

Ta ce, "Au, kana jin Kanuri? Na zata boko ya cinye."

Da safe ina Mairi, mu biyar a ƙarƙashin wata bishiya a bayan gidan yayar abokiyata, muna bin tsofaffin tambayoyi muna yi wa juna tambayar baki. Da azahar in hau keke napep in ratsa gari in dawo Bolori a jiƙe da gumi. Bayan la'asar kuma in faɗa hannun Kaka. A mako na uku na iya katse ta ba tare da ta ji haushi ba. Dabarar ita ce ka bar ta ta hau babur ɗin, ka yaba shi, sannan ka ce, "To a lokacin gwiwar tana damunki?" Sai ta ce a'a, ta sauko da kanta zuwa shekarar da ya fara.

Matsalar da ta rage ita ce babu wanda ya yi mini alkawarin gwiwa za a ba ni a jarrabawa. Abokiyata ta kawo shawara. Kowace Asabar za ta raɗa wa Kaka wani ciwo a kunne, ta gaya mata alamominsa, Kaka ta kwaikwaya, ni kuma in gano. Ashe abin da tsohuwar take jira ke nan. Ranar ciwon baya sai da ta sa na kawo mata sanda, ta shigo a duƙe tana nishi tun daga zaure, tana kiran sunan Allah. Na gano shi a minti uku, ta ji haushi, ta ce ban bari ta kai wurin da ya fi daɗi ba.

Asabar ta gaba aka ba ta shanyewar ɓarin jiki. Ta karkace baki, ta saki hannun hagu yana lilo, ta kwanta a jikin kujera tana magana da ƙyar. Ta taɓa jinyar wata ƙawarta mai irin ciwon, don haka babu abin da ta bari. Ina durƙushe ina ɗaga hannun ina saki yana faɗuwa, sai ga mahaifiyata ta dawo daga kasuwar Gamboru. Ba wanda ya tuna ya gaya mata wasan da muke yi. Ta saki kwandon hannunta, bandar kifi da yakuwa suka watse a ƙasa, ta ɗora hannu a ka ta kwarma salati. Ta ruga ta rungume Kaka tana kiran a nemo mota, a kira mahaifina a waya.

Ni da abokiyata muna ta "Mama, tsaya, Mama, ba haka ba ne," ba ta jinmu. Kaka kuwa ba ta gyara bakin ba. Ta gefensa ta ce, "Ke yi shiru, jarrabawa ake."

Mahaifiyata ta sake ta ta ja da baya. Ta dubi Kaka, ta dubi abokiyata da waya a hannu, ta dube ni. Ba ta iya yi wa surukarta faɗa, ba ta iya yi wa baƙuwa, don haka duk ni na kwashe. Ta ce ciwo ba abin wasa ba ne, ta ce in wannan ne karatun gara in je in koyi ɗinki. Ni na tsince kifin ɗaya bayan ɗaya. Washegari Kaka ta sa aka toya waina aka raba sadaka, ta ce don kada abin da ta kwaikwaya ya zata kiransa take. Daga ranar aka soke wasan kwaikwayo a gidanmu, muka koma kan gwiwa.

Jarrabawar rubutu ta zo ta wuce lafiya. Ranar ta aiki na tashi da sassafe na nemi farar rigata ta asibiti, wadda na wanke na goge na rataye, ban gan ta ba. A ɗakin Kaka na same ta, an kifa ta a kan kwandon turara kaya, hayaƙi yana fita ta hannuwanta.

"Kaka! Asibiti fa za ni, ba ɗaurin aure ba."

Ta ce, "Baƙon malami za ka gani. Da warin gumi za ka tarbe shi?"

Ba lokacin sake wanki. Ta kama kaina ta tofa mini addu'a, ta ce in gaishe da majinyacin kafin in taya shi. A cikin keke napep wata mata ta tambaye ni wa ya haɗa turaren, na ba ta kwatancen gidanmu. A barandar da muke jira 'yan ajinmu suka yi ta yi mini Allah ya sanya alheri, suna tambayar ina amarya.

Aka kira ni. Baƙon malamin dattijo ne ɗan kudu, gajere, mai furfura, ba ya jin Hausa, don haka aka zaunar da wata ma'aikaciyar jinya kusa da shi tana fassara masa. Ya shaƙi iska sau biyu, ya dube ni ta saman tabarau, ya nuna mini gado. Ba gwiwa ba ce. Wani dattijo ne mai wankin hula, kafaɗarsa ta dama ta ƙage, ba ya iya ɗaga hannu sama da kunnensa.

Na yi sallama, na jawo kujera na zauna, na tambayi gida da aiki. Ya gaya mini shekara talatin yana wanke huluna yana buga su a kan gungume, yanzu in ya buga goma sai ya huta. Ya so ya shiga labarin wani attajiri da ya taɓa kawo masa hula arba'in a rana ɗaya. Na yaba hulunan, na ce, "To Baba, a lokacin kafaɗar tana damunka?" Ya ce a'a, ya dawo kan hanya. Na tambaye shi abin da ciwon ya hana shi, ya ce sa riga da kansa, sai matarsa ta taimaka masa kamar yaro.

Na nemi izini na fara dubawa. Ƙa'idarmu ita ce ka fara auna ɓangaren da yake lafiya, don ka san yadda jikin mutumin yake kafin ka auna mai ciwo. Wannan ne na manta ban yi masa bayani ba. Ina kama kafaɗar hagu ya zabura.

"Ba wannan ba ce, ɗana! Ta dama ce!" Ya juya wajen baƙon malamin ya ɗaga murya yadda ake yi wa wanda ba ya jin yare. "Alhaji, yaron nan yana da kirki, amma bai san dama da hagu ba!"

Ma'aikaciyar ta fassara tana danne dariya. Baƙon malamin ya ajiye biro ya ce in gaya masa dalilin da ya sa na kama lafiyayyar kafaɗa. Na gaya masa. Ya ce to shi ya sani, mai kafaɗar ne bai sani ba. Na juya na ba Baba haƙuri, na ce masa in an kawo masa hula biyu iri ɗaya, ɗaya ta lotse, ai sai ya dubi mai kyan kafin ya san yadda zai gyara ɗayar. Ya yi tunani ya ce, "Haka ne kuma." Ya miƙo mini hagun da kansa.

Sauran ya tafi daidai, sai a tambayar baki. Baƙon malamin ya tambaye ni sunan jijiyar da take ratsa bayan kafaɗa, abin da na haddace tun ina aji biyu, ya ɓace mini fat. Ni da ake zuwa wurina neman hadda. Na tsaya ina kallon fankar sama har ya gaji ya faɗa mini. Da zan fita ya kira ni, na dawo. Ya ce matarsa tana son turaren Maiduguri, a ina ake samun irin wannan.

Bayan mako biyu aka kafe sakamako. Na ci, ba da wani babban maki ba a ta aiki, amma na ci. Abokiyata ce ta zo ta ɗaya a ajin. Na dawo gida da gudu na gaya wa Kaka. Ta yi guɗa, ta tambayi na 'yarta kafin ta gama jin nawa, sannan ta kwance safar yashi daga ƙafar kujera ta miƙo mini.

Ta ce, "Ungo kayanka. Aro ya ƙare, na yi murabus."

A nan dole na zauna na gaya mata gaskiya. Na ce motsa jikin nan ba na jarrabawa ba ne, nata ne. Na ce gurunguntsin gwiwa in ya cinye ba ya dawowa, kuma ba zan yi mata alkawarin goshinta zai koma ƙasa ba. Abin da zan iya cewa shi ne, mako takwas da suka wuce sai ta dafa bango take tashi, yanzu ba ta dafawa, kuma in ta bari za ta koma dafawa.

Ta ce, "Kana zaton ban sani ba? Tun ranar tawul na gane. Na ga kana jin daɗin wayonka ne na ƙyale ka."

Ta karɓi safar. Ba kullum take yi ba, kuma ƙirgenta bai gyaru ba. Sallah dai a kujera ta ci gaba da yi har ƙarshen rayuwarta, amma ta koma zuwa gidajen biki da ƙafarta a cikin unguwa, abin da ta daina.

Ranar rantsuwa ta ce da ita za a je. Ta ɗaura lafaya ruwan goro, ta hau matakalar zauren taro guda shida tana riƙe da hannun mahaifina, tana ce masa ya daina janta, ita ba kaya ba ce. Mahaifiyata ta gaya mini daga baya cewa tun da aka zauna Kaka take ba matar da ke kusa da ita labarin yadda ta koyar da ni da kuma yarinyar da ta zo ta ɗaya. Da aka fito ɗaukar hoto ta miƙo hannu ta ce in ba ta takardar ta gani. Ta juya ta, ta duba hatimin, ta tambayi inda aka rubuta sunanta. Na ce ba a rubuta ba. Ta ce ba komai, mutanen boko dama ba su da kara. Mai hoto ya ce a shirya, na miƙa hannu in karɓa, ta rungume ta a ƙirji ta dubi gaba.

Hoton yana rataye a ɗakin da nake duba marasa lafiya. Tana tsakiya da takarda, mahaifana a gefe, ni a ƙarshe hannu a aljihu. Tsofaffi in sun shigo sukan tsaya su dube shi, wani ya ce, "Hajiya ce ta yi karatun?" Nakan ce e, sannan in tambaye shi me ya kawo shi.